Haƙƙin Ɗan'uwa Baƙo da Tafiyar Shaƙatawa da Iyali: Jeranta Haƙƙoƙi a Mazhabar Malikiyya, da Misali Daga Kunduru

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mas'aloli biyu da suke haɗuwa a aljihun magidanci ɗaya: karɓar ɗan'uwan da ya zo baƙunci, da fita da iyali yawon shaƙatawa zuwa tsibiran teku irin su Zanzibar da Maldif. Ta yi bayanin hukuncin liyafa da iyakar kwanakinta, da bambancin da ke tsakanin ciyarwa ta wajibi da sada zumunci, sannan ta kawo hukuncin tafiyar nishaɗi da abin da ya rataya da ita na ƙasaru, alƙibla, hawan teku da muharrami. An gina bayanin bisa mazhabar Imam Malik, tare da ambaton sauran mazhabobi inda saɓani yake da amfani. Maƙalar ta tabbatar da cewa shaƙatawa halal ce, kuma tana iya zama kyautatawa ga iyali, sai dai matsayinta yana bayan ciyarwa, biyan bashi, agajin wanda ya matsu, hajjin farilla da haƙƙin baƙo.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Kunduru gari ne a Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina, cikin yankin da ya haɗa Kankiya da Kusada. Kamar sauran garuruwan yankin, noma ne ƙashin bayan rayuwarsa, kuma neman ilimi da aiki da kasuwanci ya fitar da 'ya'yan irin waɗannan garuruwa zuwa Katsina, Kano, Kaduna, Abuja da Legas, har da ƙasashen waje. Saboda haka baƙunci tsakanin dangi yana tafiya ta fuska biyu. Na gida yakan sauka wurin na birni idan ya zo ganin likita, ko neman aiki, ko shiga makaranta. Na birni kuma yakan zo gida da Sallah, ko biki, ko ta'aziyya.

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara shiga gidajen masu hali, wato ɗaukar mata da yara a tafi hutu bakin teku, a dawo da hotuna a Facebook da Instagram, inda dangi na gida suke gani a wayoyinsu. Hakan ya zo daidai da tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya. Kwanon masara ya yi tsada, tikitin jirgi ma ya yi tsada. Daga nan ƙorafi ya taso ta ɓangare biyu: na gida yana ganin an iya kai iyali tsibiri amma an ɗaure masa fuska a kan kwana uku, na birni kuma yana ganin baƙi sun hana shi sakewa da iyalinsa da dukiyarsa. Kowannensu yana da hujja a Shari'a, kuma aikin ɗalibin fiƙihu shi ne ya san wace hujja ce ke gaba idan suka ci karo.

2.0 Hukuncin Liyafa da Iyakarta

Alƙur'ani ya kawo karɓar baƙo a matsayin ɗabi'ar Annabawa. A Suratuz Zariyat, aya ta 24 zuwa ta 27, an ba da labarin yadda Annabi Ibrahim (AS) ya sulale wurin iyalinsa, ya kawo wa baƙin da bai sani ba ɗan maraƙi mai ƙiba, ya kusanta shi gare su da kansa. Malaman tafsiri sun ciro ladubba daga wannan: gaggauta abinci, rashin tambayar baƙo ko yana jin yunwa, da hidimar maigida da hannunsa. A Suratul Kahfi, aya ta 77, an ambaci mutanen wata alƙarya da suka ƙi saukar da Annabi Musa (AS) da abokin tafiyarsa. A Suratul Hashri, aya ta 9, an yabi Ansaru da fifita wani a kan kansu duk da buƙata, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ayar ta shafi mutumin Madina da ya ciyar da baƙon Manzon Allah (SAW) abincin 'ya'yansa, aka kashe fitila don kada baƙon ya gane masu gida ba sa ci.

Asalin da aka gina iyakar liyafa a kansa shi ne hadisin Abu Shuraih al-Ka'bi (RA), wanda yake cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Hadisin ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya keɓe yini da dare na musamman, ya sanya liyafa kwana uku, ya mayar da abin da ya wuce haka sadaka, kuma ya hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Malamai sun fassara yini da daren nan ta hanya biyu. Fassarar da aka ruwaito daga Imam Malik (ya rasu 179 bayan Hijira) ita ce a ƙure ƙoƙari wajen karramawa a ranar farko, sannan a sauran kwanakin a ba shi abin da gida yake ci. Ɗaya fassarar ita ce guzurin da zai ishe shi yini da dare idan ya kama hanya. Al'adar Hausawa ta haɗa duka biyun, domin akan yanka wa baƙo kaza ranar da ya sauka, a kuma ba shi kuɗin mota da tsaraba ranar da za a raka shi.

Game da hukuncinta, jumhurun malamai, wato Abu Hanifa da Malik da Shafi'i, sun tafi a kan cewa liyafa sunna ce mai ƙarfi. Laisu bin Sa'ad (ya rasu 175) ya wajabta ta yini da dare. Imam Ahmad (ya rasu 241) ya wajabta ta a kan mazauna ƙauyuka da karkara, ban da manyan birane. An kuma ruwaito daga Malik da Sahnun (ya rasu 240) cewa mazauna karkara ne ake nema da ita, domin matafiyi a birni yana samun masauki da abincin saye. Dalilin wannan bambanci yana da amfani a yau. A gari irin Kunduru, inda baƙo ya dogara ga gidajen mutane, neman liyafa ya fi ƙarfi. Amma manomin da ya baro ƙauye ya sauka Abuja da kuɗin da ba zai biya masa otal na dare ɗaya ba, a haƙiƙa bai sami masaukin da malaman suka ambata ba. Dalilin da ya sa aka sassauta wa ɗan birni bai tabbata a kansa ba, don haka sassaucin ba zai zama mafaka ga ɗan'uwansa mai gida a can ba.

Ma'aunin liyafa kuwa shi ne ikon mai gida da al'adar garinsa. Ibn Baɗɗuɗa ya ba da labari a littafin tafiye-tafiyensa cewa da ya isa Walata a shekarar 1352, an karrama shi da dakakken gero da ɗan zuma da nono a cikin ƙwarya, abin da Bahaushe zai kira ɗan'uwan fura. Ya raina liyafar har ya yi tunanin juyawa, alhali mutanen garin sun ba shi abin da suke ganin babbar karramawa ce. Baƙon da ya zo daga birni ko daga Turai ba shi da haƙƙin auna tuwon dawa da abin da ya saba ci, kuma mai gida ba a nemi ya ci bashi don ya burge shi ba. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ita kuwa maganar nan ta “baƙonka Annabinka” karin magana ce ta kambamawa, kuma kuskure ne a jingina ta ga hadisi.

3.0 Idan Baƙon Ɗan'uwa Ne

Ɗan'uwan da ya sauka a gida yana da haƙƙi biyu, na baƙunci da na zumunci. Haƙƙin baƙunci yana ƙarewa da kwana uku, amma na zumunci ba ya da wa'adi. Suratu Muhammad, aya ta 22 da 23, ta haɗa yanke zumunci da ɓarna a bayan ƙasa, ta kuma rataya la'ana a kansa. Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Salman bin Amir (RA) cewa sadaka ga ɗan'uwa tana da lada biyu, na sadaka da na zumunci. Saboda haka abin da aka ciyar da ɗan'uwa bayan kwana uku, duk da cewa ya fita daga liyafa, ya fi sadakar da aka kai wa bare.

Sai dai wajibi ne a rarrabe tsakanin sada zumunci da ciyarwa ta dole. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386) ya bayyana a Risala, ciyarwa tana wajaba ga matar aure, da iyaye biyu idan matalauta ne, da 'ya'yan cikinsa: namiji har ya balaga yana mai iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Ba ta wajaba ga wa ko ƙane, ko baffa ko kawu, ko jika. Hanafawa sun faɗaɗa ta zuwa kowane ɗan'uwa muharrami mabuƙaci, Hambalawa kuma sun rataya ta ga gado. Ma'anar wannan ita ce alƙalin Malikiyya ba zai tilasta wa mutum ciyar da ƙanensa ba, amma hakan bai sauke masa nauyin zumunci tsakaninsa da Allah ba. Alƙali Iyad (ya rasu 544) ya bayyana cewa zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙarancinsa barin ƙaura da gaisuwa ko da da sallama, kuma yana bambanta gwargwadon iko da buƙata. Wanda Allah ya buɗa masa, kuma ɗan'uwansa yake cikin ƙunci, gaisuwar waya kawai ba ta isa ta zama zumuncinsa ba.

Akwai kuma baƙon da ba ziyara ta kawo shi ba. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari sun raba mutane da yawa da gidajensu da gonakinsu, kuma galibinsu wurin dangi suke fara nufa. Irin wannan ba a ƙirga masa kwana uku, domin shi matsattse ne, kuma agajin matsattse wajibi ne a kan wanda yake da rara. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan, har Shaihu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa wanda ya hana matsattse ragowar abinci ko abin sha har ya halaka, akwai lamuni a kansa. Haka nan marar lafiyan da aka kawo asibiti ba shi da inda zai kwana.

4.0 Ladubban Zama a Gidan Ɗan'uwa

Ginin Hausawa na gargajiya ya warware matsalar baƙo namiji tun daga ƙofa: zaure da ɗakin baƙi suna waje, cikin gida na mata ne. Gidan haya mai ɗaki biyu da falo a birni ba shi da wannan tsari, kuma a nan ne hadisin Uƙba bin Amir (RA) da ke Bukhari da Muslim yake da nauyi, inda Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi kan shiga wurin mata, ya kuma kamanta ɗan'uwan miji da mutuwa. Ƙanen miji da wansa da ɗan baffansa ba muharraman matar ba ne, kuma wasan da al'ada ta halatta tsakanin mace da ƙanen mijinta bai canza hukuncin keɓancewa ba. Suratun Nur, aya ta 27 da 28 da 58, ta shimfiɗa ƙa'idar neman izini da lokutan da ake sakin jiki a cikin gida.

A kan baƙo kuma akwai nauyi. Ya sanar da zuwansa tun da wayar hannu ta sauƙaƙa hakan, ya faɗi abin da ya kawo shi da kwanakin da yake tsammani, kada ya ja mai gida salla a gidansa sai da izininsa kamar yadda ya zo a Muslim, kuma kada ya kwashi sirrin gidan ya kai ƙauye. Wannan na ƙarshe yana daga cikin abubuwan da ke sa magidanta gudun saukar da dangi. An ce baƙo raɓa ne, idan rana ta fito sai ya kama gabansa.

5.0 Hukuncin Tafiyar Shaƙatawa

Malamai sun raba tafiya gwargwadon manufarta: ta wajibi kamar hajjin farilla, ta mustahabbi kamar neman ilimi da ziyarar dangi, ta halal kamar fatauci, ta makaruhi, da ta haram. Imam Ghazali (ya rasu 505) ya keɓe wa ladubban tafiya babi guda a Ihya'u Ulumid Din. Fita don hutawa da kallon halittar Allah tana cikin halal a asalinta. Suratul Ankabut, aya ta 20, ta yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba yadda aka fari halitta, Suratul A'araf, aya ta 32, kuma ta yi inkari ga mai haramta ƙawa da daɗaɗan arzikin da Allah ya fitar wa bayinsa. A hadisin Hanzala (RA) da ke Muslim an tabbatar wa sahabbai cewa akwai lokacin zikiri, akwai na iyali da sana'a. Abu Dawud ya ruwaito tseren da Manzon Allah (SAW) ya yi da Nana A'isha (RA) a wata tafiya. Mijin da ya fitar da iyalinsa don faranta musu, da dukiyar halal, yana cikin kyakkyawar zamantakewar da aka umarce shi da ita.

Wani hadisi ya haɗa mas'alolin biyu a wuri ɗaya. Lokacin da Abdullahi bin Amr (RA) ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Manzon Allah (SAW) ya tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da matarsa da mai ziyartarsa duk suna da haƙƙi a kansa. Haka nan Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta ambaci haƙƙin ɗan'uwa da miskini da matafiyi, nan take kuma ta hana almubazzaranci. Jerin ayar yana nuna cewa dukiyar da aka watsar a banza galibi haƙƙin wani ce aka tauye.

Tsibiran da aka fi ambata ƙasashen Musulmi ne masu tarihi. Zanzibar, wadda ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, mafi yawan mutanenta Musulmi ne mabiya Shafi'iyya, da kuma Ibadawa 'yan asalin Oman, kuma a masallacin Kizimkazi akwai rubutu mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Maldif ta karɓi Musulunci a ƙarni na 12, Ibn Baɗɗuɗa ma ya yi alƙalanci a can. Amma otal-otal ɗin bakin ruwa an gina su ne don baƙi daga ko'ina, ana sayar da giya, ana kuma wanka tsirara-tsirara. A Maldif an hana giya a tsibiran da 'yan ƙasa suke zaune, an bar ta a tsibiran da aka keɓe wa masu yawon buɗe ido. Don haka Musuluncin ƙasa bai wadatar ba, sai an duba wurin da za a sauka. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa, da ta mace gaban wanda ba muharraminta ba, wato duk jiki ban da fuska da tafuka, ba sa sauyawa don an je bakin teku. Idan mutum ya san ba zai iya kare idonsa da na 'ya'yansa ba, ko zai zauna a teburin da ake shan giya, tafiyar ta fita daga halal.

6.0 Hukunce-hukuncen da Suka Rataya da Tafiyar

Ƙasaru a Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, wanda malaman zamani suka kimanta tsakanin kilomita 80 da 89. Malik ya kafa hujja a Muwaɗɗa da ƙasarun Ibn Abbas (RA) a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa ko Usfan ko Jidda. Bisa wannan, tafiya daga Kankiya zuwa birnin Katsina ba ta kai nisan ba, amma zuwa Kano, inda filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yake, ta wuce shi. Malikiyya sun hana ƙasaru ga wanda tafiyarsa don saɓo ce, sun kuma karhanta ta ga mai tafiyar wasa zalla, kamar farautar nishaɗi. Sun bambanta wanda ya fita don saɓo da wanda ya fita don halal sannan ya yi saɓo a hanya, domin na biyun bai rasa rangwame ba. A nan niyya tana da tasiri a aikace: wanda ya nufi kyautata wa iyali da hutar da jiki don komawa aiki ya fi nisa daga karhancin.

Niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru a Malikiyya, Hanafawa kuwa sai kwana 15. Iyalin da suka kama ɗaki na mako guda a Zanzibar za su yi ƙasaru a hanya, su cika salla da zarar sun isa. Wannan ƙa'ida ta shafi baƙon da ya zo Kunduru daga Legas: idan garin har yanzu mazauninsa ne, ko yana da matar da ya tare da ita a can, shigarsa garin ta yanke ƙasaru. Matafiyin da ya bi limami mazaunin gari kuma zai cika tare da shi.

Alƙibla tana buƙatar lura. Bahaushe ya saba kiran alƙibla gabas, domin daga Katsina Makka tana gabas ne da ɗan karkata arewa. Daga Zanzibar kuwa alƙibla kusan arewa ce sak, daga Maldif kuma arewa maso yamma. Agogon Zanzibar yana gaban na Nijeriya da awa biyu, na Maldif da awa huɗu, kuma lokacin salla na wurin da mutum yake ne. Limaman Shafi'iyya suna bayyana Bisimilla, suna ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, kuma sallar Bamalike a bayansu ingantacciya ce.

Hawan teku halal ne idan zaton tsira ya rinjaya. Ummu Haram bint Milhan (RA) ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya yi mata addu'ar kasancewa cikin masu hawa teku, ta kuma rasu a yaƙin tsibirin Ƙubrus zamanin halifancin Usman (RA). Khalil ya daidaita teku da tudu a babin hajji, sai idan halaka ta rinjaya ko mutum zai tozarta rukunin salla saboda jiri. Nutsewar jirgin ruwan Spice Islander tsakanin Unguja da Pemba a watan Satumba na 2011, saboda lodin da ya wuce ƙima, ta nuna cewa wannan sharaɗi yana nan da ransa. Mai salla a jirgin ruwa zai tsaya idan ya iya, ya fuskanci alƙibla, ya juya tare da ita idan jirgin ya juya. Mashhurin mazhaba ya keɓe rangwamen haɗa salloli biyu ga tafiyar tudu. Ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, bisa hadisin Abu Huraira (RA) a Muwaɗɗa, don haka ƙaguwa da jatan lande halal ne a Malikiyya, saɓanin Hanafawa da suka taƙaita ga kifi.

Saura mas'aloli biyu na cikin gida. Ta farko, mai mace fiye da ɗaya: Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Mashhurin Malikiyya ya bar wa miji zaɓi, sai a hajji da yaƙi, Shafi'i da Ahmad kuwa sun wajabta ƙuri'ar. Zaɓin da Malikiyya suka bayar an gina shi ne a kan maslahar tafiya, kamar wadda ta fi juriya ko wadda gida ba zai iya rashinta ba. A tafiyar jin daɗi zalla, ƙuri'a ko juyi tsakanin mata ya fi kusa da adalci, haka nan tsakanin 'ya'yan ɗakuna, bisa hadisin Nu'uman bin Bashir (RA). Ta biyu, ƙanwar mata da akan ɗauka don reno: mijin yayarta ba muharraminta ba ne, domin haramcin aurenta na ɗan lokaci ne, kuma rangwamen amintacciyar tawaga da Malikiyya suka bayar na hajjin farilla ne.

7.0 Jeranta Haƙƙoƙi Idan Suka Ci Karo

Idan magidanci ya tara kuɗin hutu, sai ga ɗan'uwa ya yi sallama daga gida, ƙa'idar ita ce wajibi yana gaban sunna, sunna kuma tana gaban halal. A sahun farko akwai ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye mabuƙata. Mutumin da mahaifiyarsa take Kunduru ba ta da hatsin da zai kai ta kaka, ba shi da rarar da zai sayi tikiti da ita. Sai bashin da lokacinsa ya yi da zakkar da ta wajaba, domin hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci, kuma Malikiyya sun ba mai bin bashi damar hana wanda yake bi tafiya idan wa'adin zai cika ba ya nan. Sai agajin matsattse, kamar ɗan gudun hijira da marar lafiya. Sai hajjin farilla ga wanda bai sauke ba. Kuɗin kujera a shiyyar Arewa ya haura naira miliyan 8 a shekarar 2025, kuma duk da saɓanin Malikiyya kan ko hajji na gaggawa ne ko na jinkiri, wanda yake kashe makamancin wannan a hutu ba zai ce ba shi da iko ba. Bayan waɗannan sai liyafa da kyautar zumunci, sannan shaƙatawa.

Wannan jeri ba ya nufin kowane baƙo yana soke tafiya. Idan ziyara ce kawai, kuma an riga an biya kuɗin da ba a mayarwa, fasawa tozarta dukiya ce, wadda hadisin Mugira bin Shu'uba (RA) ya ambata cikin abubuwan da Allah yake ƙi. Mai gida zai karɓe shi da sakin fuska, ya karrama shi a kwanakin da suka rage, ya gaya masa gaskiyar shirinsa, ya bar masa guzuri ko ya damƙa shi ga wani ɗan'uwa. Ba wajibi ba ne ya tafi da shi, idan kuma ya ɗauke shi kyauta ce mai lada. Bai halatta ya bar shi a gida da matar da ba muharramarsa ba su kaɗai, kuma bai halatta ya yi masa ƙaryar aiki ko rashin lafiya don ya kore shi ba. Idan kuwa buƙata ce ta kawo shi, kuma kuɗin ba zai ishi duka biyun ba, rage kwanaki ko sauya wuri shi ne mafita. Madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, rijiyar Kusugu a Daura, hasumiyar Gobarau a Katsina da gandun dajin Yankari a Bauchi duk suna biyan buƙatar yara da kuɗi kaɗan.

Ya rage batun hotuna. Bayyana ni'imar Allah halal ne, amma watsa hotunan iyali a bakin teku ga dangin da ke auna tiya yana buɗe ƙofar riya ga mai watsawa, da ta hassada ga mai kallo, ga kuma tona al'aurar mata. Sau da yawa hoton ne yake ɓata zumunci fiye da tafiyar kanta.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa liyafa sunna ce mai ƙarfi a wurin jumhuru, iyakarta kwana uku, kuma tana ƙara ƙarfi inda baƙo ba shi da wani masauki. Ɗan'uwa yana da ƙarin haƙƙin zumunci da ba ya ƙarewa, ko da ciyar da shi ba ta wajaba a Malikiyya ba, kuma idan ya matsu agajinsa wajibi ne. Tafiyar shaƙatawa halal ce da sharaɗin dukiya ta zama rara, wuri ya kuɓuta daga saɓo, a kuma kiyaye salla da sutura da adalci tsakanin iyali. Ya kamata limamai da malaman Islamiyya a yankin Kankiya da Kusada su riƙa koyar da haƙƙin mai gida tare da haƙƙin baƙo a karatu ɗaya, domin galibin saɓanin da ke tasowa tsakanin dangi yana zuwa ne daga wanda ya haddace nasa haƙƙin ya manta da na ɗan'uwansa. Allah ne Mafi sani.